BAKAN YARIMA DA YA KORI BAREWA

A littafina na baya-bayan nan akwai wani babi da na ji daɗin rubutawa ƙwarai, inda Yarima ya fita farauta da wani baka da aka shafa wa ruwan zinare, yana ƙyalli kamar madubi, ya laɓe a bayan kalgo ya kayar da barewa da kibiya ɗaya. Littafi ya shiga kasuwa ana ta yabo, har ranar da muka je ƙauyen su maigidana gaisuwar sallah, ɗana ya zauna yana karanta wa ƙanin kakansa wannan babi. Tsohon maharbi ne, ido ya tafi amma kunne garau. Da aka zo wurin sai ya tuntsire da dariya, ya sa aka kira ni. Na durƙusa na ce, "Baba ga ni." Ya ce, "'Yar nan, wannan Yarima naki da yunwa zai kwana. Barewar da za ta ga walƙiya a bayan kalgo ta tsaya, ai sai dai in matacciya ce." Ya sa aka sauko da nasa bakan daga rataye, baƙi ƙirin saboda hayaƙi da man kaɗanya, an naɗe tsakiyarsa da fata, babu inda yake sheƙi.

Kunya ta ishe ni, ga kuma kashi na biyu na shirin kai wa maɗaba'a. Shi ya sa na shiga bin tarihin abin, kuma mai karatu, abin da na tarar ya ɗan wanke ni, ya kuma ƙara kama ni.

Baka mai zinare dai akwai shi, ba ƙarya na shara ba. A shekarar 1922 da Bature Howard Carter ya gano kabarin Fir'auna Tutankhamun a Masar, an sami bakuna da yawa a ciki, har da wanda aka yi wa ado da zinare. Amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, wasunsu an lulluɓe su ne da ɓawon wata bishiya mai farin jiki wadda ba ta fitowa a Masar, sai a ƙasashen sanyi. Me zai sa a ɗauko ɓawon itace daga uwa duniya don a rufe baka?

Amsar tana cikin yadda ake ƙera irin wannan baka. Ba itace ɗaya ba ne kamar na Baba. Abu uku ake haɗawa: siririn itace a tsakiya, ƙaho ta gefen da ke fuskantar mai harbi, da jijiyar dabba a bayansa, a manne su da danƙon da aka dafa daga fata ko daga cikin kifi. Aikin yakan ci shekara guda ko fiye, saboda jiran bushewa. To shi wannan danƙo babban maƙiyinsa laima, da zarar ya sha raɓa ko ruwan sama sai ya yi laushi, bakan ya rasa ƙarfi ko ya karkace. Saboda haka Mongol da mutanen Sin suka riƙa rufe nasu da ɓawon itace, Turkawan Daular Usmaniyya kuma da siririyar fata, su bi da fenti da man sheƙi, sannan mai zane ya zo ya zuba furanni da ruwan zinare. Har yau akwai irinsu a fadar Topkapi da ke Istanbul. Su ma Japanawa dogon bakansu na gora, wanda ya wuce mita 2, sukan naɗe shi da kara mai lanƙwasa su shafe da ruwan wata bishiya mai bushewa kamar tangaran. Ashe rigar ruwa ce tun asali, ado ya hau kanta ne daga baya.

Wanda bakansa itace ɗaya ne bai sha wannan wahala ba. Jirgin yaƙin Ingila mai suna Mary Rose ya nutse a 1545, aka tsamo shi a 1982, kuma bakuna fiye da 100 da aka samu a cikinsa itace ne zalla. Namu na ƙasar Hausa ma dangin wannan ne. Kuma a fagen yaƙi babu ruwan kowa da ɓoye baka, domin 'yan bakan Shehu da suka tarwatsa dawakin Yunfa a Tabkin Kwatto a 1804 ido da ido suka tsaya da su. Ɓoyo sana'ar maharbi ce, shi da sai ya kusanci nama kafin ya saki kibiya.

Inda maganar ɓad-da-kama ta zama kasuwa kuwa Amurka ce. Can bindiga ta daɗe da kashe baka, sai a 1911 wani Ba'indiyen ƙasar da ake kira Ishi, wanda shi kaɗai ya rage a ƙabilarsa, ya fito daga dajin Kalifoniya. Likitansa Saxton Pope ya koyi farautar baka a wurinsa, ya rubuta littafi a kai a 1923, mutane suka yi sha'awa, har jihar Wisconsin ta ware wa masu baka lokacin farautarsu a 1934. Daga ƙarshen shekarun 1940 kamfanoni irin na Fred Bear suka fara manna wa hannayen baka faiba, wato zaren gilashi da aka haɗa da danƙon roba. Baka ya ƙara ƙarfi, ya daina tsoron laima, amma sai ya zo da ciwon bakan Yarimana, wato ƙyalli. Nan maharbansu suka shiga dabaru, wani ya sa wa hannayen bakan safa ta yadi mai launin ganye, wani ya naɗe da salatif, wani ya fesa fenti marar sheƙi. Zuwa 1986 aka kafa Realtree da Mossy Oak, masu zanen ganye da ɓawon itace a kan kayan farauta, daga baya baka ya riƙa fitowa daga kamfani da zanensa.

Ni dai a ganina rabin wannan zane don idon mai saye aka yi shi. Bincike ya nuna barewar Amurka ba ta bambanta ja da ruwan lemo yadda mu muke yi, shi ya sa a jihohi da yawa doka ta tilasta wa masu farauta da bindiga sa riga ruwan lemo don kada su harbi juna, kuma suna samun nama. Abin da ke tayar da ita motsi ne da walƙiya da wari. Su kansu ma'abota abin suna gargaɗin cewa salatif mai yawa a bakin baka nauyi ne da ke rage gudun kibiya, yana tara danshi a ƙarƙashi, yana kuma ɓoye tsagewa har sai ranar da bakan ya karye a hannu. Baba bai taɓa jin sunan Ishi ba, amma hayaƙin ɗakinsa ya gama masa aikin da suke kashe dala a kai.

A kashi na biyu na bar wa Yarima bakansa na zinare yana riƙewa ranar hawan sallah, na ba shi wani tsoho baƙi da ya gada wurin sarkin bakan mahaifinsa don shiga daji. Na aika ɗana ya karanta wa Baba. Ya dawo ya ce mini Baba ya ce yanzu baka ya yi, saura turaren da na ce Yarima ya fesa kafin ya fita.