Shirun Meursault da zukatan masu karatu

A shekara ta 1942, lokacin da birnin Paris yake hannun sojojin Jamus, kamfanin ɗab'i na Gallimard ya fitar da wani ɗan ƙagaggen labari mai suna L'Étranger, wato Baƙo, na Albert Camus, haifaffen Aljeriya. Jarumin labarin, Meursault, ƙaramin ma'aikacin ofis ne. Mahaifiyarsa ta rasu a gidan tsofaffi na Marengo, ya je jana'iza bai zubar da hawaye ba. Ya sha kofi da madara, ya busa sigari a gefen gawa. Washegari ya tafi wanka a teku, ya shiga silima da budurwa. Daga baya ya harbe wani Balarabe, kotu ta yanke masa hukuncin kisa. Shi ke ba da labarin da bakinsa, amma abin da jikinsa ya ji ya fi faɗa: zafin rana, gajiya, barci. Abin da ke zuciyarsa kuwa, da ƙyar yake taɓo shi. Wannan gurbi da ya bari shi masu karatu suka shafe fiye da shekara 80 suna cikewa, kowane zamani da abin da ke damunsa.

A 1943 Jean-Paul Sartre ya buga sharhin littafin, inda ya ɗauki Meursault a matsayin mutumin da ya gane cewa rayuwa ba ta zo da wata ma'ana shiryayya ba. Samarin da suka fito daga yaƙi, bangaskiyarsu ta raunana, sai suka ga kansu a cikinsa, suka sa littafin cikin sahun falsafar wanzuwa, ko da yake Camus ya bayyana a 1945 cewa shi ba mabiyin wannan falsafa ba ne.

A 1953 Roland Barthes ya nuna cewa sirrin yana cikin salon rubutun: jimloli ne marasa ado, waɗanda ba su gaya wa mai karatu abin da ya kamata ya ji. A 1955, cikin gabatarwar da ya rubuta wa ɗaliban Amurka, Camus da kansa ya ce laifin jaruminsa shi ne ƙin yin ƙarya, domin ya ƙi faɗin abin da ya wuce abin da yake ji. Daga nan mutane da yawa suka ɗauki Meursault gwarzon gaskiya. Masu fassara ma ba su tsira ba. Fassarar Ingilishi ta Stuart Gilbert, ta 1946, ta kira mahaifiyar da kalmar da ke nuna nisa tsakanin ɗa da uwa; ta Matthew Ward, ta 1988, ta bar kalmar Faransanci maman, wadda yaro ke kiran uwarsa da ita. Kalma ɗaya ta isa ta mai da mutum mai taurin zuciya ko maraya mai ɓoye baƙin ciki.

Bayan Aljeriya ta sami ƴancin kai a 1962, ido ya koma kan wanda aka kashe. Conor Cruise O'Brien a 1970, da Edward Said a 1993, sun lura cewa Balaraben nan ba shi da suna, ba shi da bakin magana, kuma shari'ar ba ta damu da shi ba. Shirun da aka yaba a da, sai aka karanta shi a matsayin halin ko-in-kula na Bature ɗan mulkin mallaka. A 2013 marubucin Aljeriya Kamel Daoud ya fitar da Meursault, contre-enquête, ya raɗa wa mamacin suna Musa, ya ba ɗan'uwansa Haruna damar faɗin ɓacin ran da littafin farko ya yi shiru a kansa.

Abin lura shi ne, labarin da kansa ya riga ya nuna wannan hali namu. Mai gabatar da ƙara bai leƙa zuciyar Meursault ba. Kofi da sigari da silima ya tara, ya gina mugun mutum da su. Mai karatun da ya rantse cewa Meursault yana kuka a ɓoye, shi ma hanyar ya bi, sai dai hukuncinsa ya fi sauƙi.

Malamin da ya karantar da littafin nan a lise ya san muhawarar. Wani ɗalibi zai ce ɗa ne marar albarka. Wata ta ce haƙuri ne da dauriya, tun da a wurinmu ba a yaba kururuwa a gidan makoki. Dukansu tarbiyyar gidajensu suka karanta. Aikinmu shi ne mu tambaye su: a wane shafi aka faɗi haka? Ɗalibin da ya koyi raba abin da aka rubuta da abin da shi ya ƙara, zai yi jinkiri kafin ya yanke hukunci a kan maƙwabcin da bai ga hawayensa ba.