Zakara a Tsakar Gidan Bahaushe

Tun kafin agogo ya shigo ƙasar Hausa, tun kafin a ɗora lasifika bisa hasumiyar masallaci, zakara ne ke yanke wa mutanen ƙauye dare, har ya zamana matafiyi in zai yi sammako ba ya ambaton sa'a, sai ya ce zai kama hanya da carar fari. Asalin tsuntsun kuwa ba na Afirka ba ne. Daga wata kazar daji ya fito, mai jan gashi, wadda har yau ake samunta a dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya. Masu tonon kufai sun sami ƙasusuwan kaji a tsohon birnin Jenne na ƙasar Mali, da kuma Kirikongo ta Burkina Faso, na zamanin da bai kai shekara ta 1000 ta Miladiyya ba, watau kaza ta daɗe tana tono a Afirka ta Yamma gabanin Musulunci ya kafu a biranen Hausa.

Da addini ya zo, sai ya ƙara wa zakara martaba. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni da roƙon falalar Allah idan an ji cararsa, Abu Dawuda kuma ya ruwaito hani ga zaginsa, saboda yana tayar da bayi salla. Jahizu, malamin Basra, ya cika shafuka masu yawa na Kitabul Hayawan da munazara tsakanin mai yabon kare da mai yabon zakara. Amma maguzawa da 'yan bori ta wata fuskar suka san darajarsa, domin su launi suke bi, ja ko fari ko wake-wake, gwargwadon abin da iska ya nema. Maharba kuma a jikinsa suke jarraba kaifin dafin kibiya, inda aka samo kiran jarumi zakaran gwajin dafi.

Duk da wannan alfarma, hukuncinsa a hannun mata yake, domin kaji dukiyar matan aure ce da tsofaffi, kuma a nan ne ilmin ya taru, ilmin da ban ga dalilin raina shi ba don kawai ba a rubuta shi a allo ba. Tsohuwa takan zauna bakin akurki da hantsi, ta watsa tsaki, ta zuba wa 'yan tsaki ido, tun ba su wuce wata biyu ba ta ware mazan: wanda zankonsa ya riga na 'yan'uwansa tasowa da yin ja, ƙafarsa ta yi kauri, yana miƙe wuya yana cin zalin na kusa da shi. In an ƙara wata guda ko biyu, gashin wuyansa da na gadon bayansa sai su yi tsini da sheƙi, alhali na budurwar kaza a zagaye suke. Daga nan sai wutsiya ta lanƙwasa, sai kuma wata safiya a ji ya gwada cara da shaƙaƙƙiyar murya wadda ba ta kai ƙarshe ba.

Daga wannan rana fitina ta tashi, domin babban zakaran gida ba ya yarda da kishiya a mulki. Shi ke fara cara da asuba, na ƙasa da shi su biyo baya, wanda kuwa ya yi gigin bin kaza a gabansa zai sha sara da ƙaimi har zanko ya yi jini, kajin su kuma su daina ƙwai saboda yawan kora, bayansu ya tsige. Magabata ba su ɓata lokaci wajen sulhu ba. Sukan bar guda ɗaya ga kaji kamar goma, kuma ba mafi girman jiki ko faɗa suke zaɓa ba, sai wanda in ya tono ƙwaro yakan kira kaji ya bar musu, in shirwa ta gifta ya yi kururuwa. Wanda ya cika tsokana akan kife shi da kwando, ko a ɗaure masa ƙafa da tsumma a jikin turke, har ya huce. Wanda ya fara tasam ma yara, wa'adinsa ya cika. Ragowar kuwa su ne tanadin baƙon da ya sauka ba zato, da daren cika-ciki, da kuɗin magani ranar kasuwa.

A zamanin Turawa da bayansa, malaman gona sun yi ta kai manyan zakarun waje ƙauyuka, irin su Rhode Island Red, a kan sharaɗin a kawar da na gida domin a gyara iri. Da yawansu ba su jure zafi da annoba da muzuru ba, waɗanda suka tsira kuma suka tarar da zakarun maƙwabta, ƙanana masu zafin nama, sun tsallako danga sun riga su ga kajin.