Daga Zariya Zuwa Babbar Ruga: Tarihin Yaƙi Da Yoyon Fitsari

Yau zancenmu tarihi ne, amma tarihin da ke jikin kowace mace.

A ƙasan ƙugunki akwai wani nama da Allah Ya shimfiɗa, shi ke tallafe da mafitsara da mahaifa da dubura. Nauyin ciki yana danna shi wata tara, haihuwa kuma ta buɗa shi. Idan ya saki, sai ki ga fitsari na zubowa in kin yi tari ko dariya, wata ma mahaifa ce ke zazzagowa. Mafi muni ita ce doguwar naƙuda. Kan jariri ya maƙale, ya matse mafitsara da ƙashi kwana biyu ko uku, jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu, ƙofa ta buɗe. Wannan shi ne yoyon fitsari.

A da, cewa ake yi iska ce ko sammu. Mace ta rasa ɗa, sau da yawa ta rasa miji, a ware mata kwano da tabarma. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, suna cikin waɗanda suka fara bin diddigi. A 1983 Dokta Tahzib ya fitar da bincike kan mata 1,443 masu wannan lalura. Fiye da kashi 80 cikin ɗari doguwar naƙuda ce sanadinsu, kashi 13 kuma yankan gishiri. Kun ji ke nan, askar da aka ɗauka magani ita ma tana huda mafitsara.

A 1984 Dokta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan da ya zo aikin kuturta a Babbar Ruga kusa da Katsina, ya fara ɗinke matan nan. Ya yi wa dubbai aiki, ya horar da likitocinmu, ya kuma nuna cewa in aka sa robar fitsari da wuri, wasu kan warke ba tiyata. Daga baya asibitin ya zama cibiyar tarayya ta yoyon fitsari. A 2005 an yi gangamin mako biyu a Kano da Katsina da Kebbi da Sakkwato, aka yi wa mata fiye da 500 aiki.

To, ina darasin? Gyara ya samu, amma rigakafi yana hannunmu, kuma hare-haren 'yan bindiga, irin wanda ya auka wa Yargoje a Yunin 2024, sun sa fita da mai naƙuda da dare ya yi wuya. Don haka ki je awo, ki shirya kuɗin mota tun cikin na wata bakwai. In an ce haihuwarki ta asibiti ce, ki koma wurin dangi a Ƙanƙara ko Funtuwa kafin lokaci. Iyaye masu karɓar goyon ciki, kada kunyar ɗan fari ta sa yarinya ta ɓoye naƙuda. Rana kada ta fito ta faɗi mace na durƙushe a gida. Maigida, ka ba da izinin fita tun kafin ka yi tafiya.

Wadda kuma take yoyo yanzu, ki daina ɓuya, ki nufi Babbar Ruga. Allah Ya sauki masu ciki lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.