Baƙar Tuta Mai Da'irar Lemu: Tarihinta a Tseren Mota

Yau zan ba ku tarihin wata tuta ta tseren mota: baƙa ce, da da'ira ruwan lemu a tsakiya. In aka ɗaga wa direba ita tare da lambar motarsa, ana nufin motar ta zama haɗari, ya shigo a gyara.

A 1963, a tseren Indianapolis 500 na Amurka, motar Parnelli Jones ta riƙa zubar da baƙin mai a titi. Alƙalai suka so ɗaga masa baƙar tuta, mai motar ya yi ta gardama, aka ƙyale shi har ya lashe tseren. Eddie Sachs, wanda motarsa ta zame, ya ce man ne sila. Washegari Jones ya kai masa naushi.

A 2009 a Hungary, sifirin ya ɓalle daga motar Barrichello ya fasa wa Felipe Massa ƙoƙon kai. A 2022 kuwa, sau uku aka ɗaga wa Kevin Magnussen tutar saboda ɗan tsagewar fiffiken gaba, har ƙungiyarsa ta Haas ta yi ƙorafi.

To, mu dawo gida. A hanyar Bodinga zuwa Shagari, ranar kasuwa, za ka ga mota an ɗaure ƙofarta da igiya, tayarta ta suɗe. An kafa hukumar kiyaye haɗurra tun 1988, amma jami'anta ba sa kowace tasha. Ni dai in na ga irin wannan tayar, sai in jira mota ta gaba.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.