Ranar Idi, Ranar Godiya

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW).

Ya 'yan'uwa, a shekara ta 2 bayan hijira aka farlanta azumin Ramadan da zakkar fidda kai, sa'i guda ga kowane mutum, domin mabuƙaci ya ƙoshi ranar Idi. Tun daga nan aka ɗaure godiya da ciyarwa. Shehu Ahmadu Tijjani (RTA), wanda ya rasu a Fas a 1815, ya gina ɗariƙarsa bisa shukura.

Mu ma muna da abin godewa. A 1978 aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori, shinkafa ta yalwata a Talata Mafara da Bakura da Maradun. Amma ruwan ya cinye gonaki da garuruwa, kuma a Afrilun 1980 aka harbe manoman da suka nemi diyya.

Saboda haka, wanda ya girbe shinkafar Bakolori ya auna zakkarsa kafin a sauko Idi, ya fara da marayu da waɗanda rashin tsaro ya raba da gonakinsu. Allah Ya sa mu cikin masu godiya, amin.