Alƙalin da ke raba gardamar kauri

Shim ɗin bawul ɗan faifan ƙarfe ne da bai kai kwabo faɗi ba, amma shi ke tsayar da 'yar ratar da ake bari tsakanin kam da bawul a manyan baburan Japan da wasu motoci. Babur ɗin haya na gida ba ya buƙatarsa, makanike ya sassauta noti ya murɗa, magana ta ƙare. Injin mai shim kuwa, sai an cire wannan faifai an sa wani. Ana ƙera su daki-daki, sau da yawa milimita 0.05 ce tsakanin ɗaya da mai bi masa, kusan kaurin silin gashi. Lambar da aka buga a jikinsa kan goge da aiki. A nan ake neman maikiromita, na'urar auna kauri.

Abin mamaki, ba a gareji aka haife ta ba. Wajen 1640 wani matashin Ingila mai nazarin taurari, William Gascoigne, ya sa ƙusa mai barima cikin madubin hangen nesa don ya auna faɗin wata. Dabarar ita ce: in barimar daidai take, kowane zagaye zai tura ƙusar gaba da tazara iri ɗaya, sai a ƙidaya zagaye maimakon a dogara da ido. An kashe shi a yaƙin Marston Moor a 1644, aikinsa ya kwanta shekaru.

A farkon ƙarni na 19 Henry Maudslay na Landan ya kawo dabarar masana'anta. Ma'aunin da ya ƙera na bisa tebur yana gane kashi ɗaya cikin 10,000 na inci, ya kuma laƙaba masa suna Lord Chancellor, wato alƙalin alƙalan Ingila, domin in ma'aikata sun yi jayayya kan awo, daga gare shi ba ɗaukaka ƙara. Wanda ya mai da maikiromita abar riƙewa a hannu Bafaranshe ne, Jean Laurent Palmer, a Faris cikin 1848. Har gobe Faransawa palmer suke ce mata.

Kasuwarta kuwa rigima ce ta buɗe ta. A 1867 wani mai saye ya mayar wa wani kamfanin tagulla na garin Bridgeport a Amurka da fallayen da aka aika masa, ya ce kaurinsu bai yi daidai ba. Aka gwada da gejin kamfani, ya ce daidai ne. Na mai saye ya ce a'a. Aka kawo na uku, ya saɓa wa duka biyun. Duk wanda ya taɓa ganin musu kan mudu a kasuwar hatsi ya san irin wannan. A shekarar ne Joseph Brown da Lucian Sharpe suka ga na'urar Palmer a babban baje kolin Faris, suka koma garin Providence suka gyara ta don raba irin wannan gardama, kamfaninsu Brown & Sharpe ya shiga ƙera ta da yawa, mai shiga aljihu.

Japan ta biyo baya. Yehan Numata, wanda ya tashi a gidan ibadar addinin Buddha, ya kafa Mitutoyo a 1934 da niyyar samun kuɗin yaɗa addininsa, kuma maikiromita ce hajarsa ta farko.

Cikinta bai canza sosai ba. Zagaye ɗaya rabin milimita ne, an raba hannun murɗawa gida 50, kowane gida 0.01. Mai auna shim ba ya buƙatar fiye da ƙaramar, mai cin 0 zuwa 25. Da yawa kan ce ma'auni mai muƙamuƙi da ke zamewa ya isa, amma shim a tsakiya yake cinyewa, dogayen muƙamuƙai kuma sukan haye ramin su auna gefe, alhali ɗan bakin maikiromita yana sauka daidai inda ya lotsa. Mai allon lamba ta fi sauƙin karatu, sai dai tana cin batir, kuma allon bai sa ta fi ta hannu gaskiya ba. Abin dubawa shi ne ƙaramin maɓallin da ke wutsiyarta, mai ƙaras-ƙaras in matsi ya isa, don kada ƙarfin hannu ya shiga awo, sai kuma a rufe bakinta a tabbatar ta koma sifiri.

Lissafin gajere ne. In littafin inji ya ce ratar ta zama 0.15, aka auna aka sami 0.10, tsohon shim kuma ya nuna 2.70, to na 2.65 za a nema. In aka bar ratar a matse, inji na ɗaukar zafi bawul zai kasa rufewa sosai, iskar wuta ta riƙa bi ta gefensa har ta cinye bakinsa.