Bindigar da za ta cika shekara 100 a 2035: sunan wa za a rubuta a jikinta?

Jama'a, yau tarihi za mu taɓa, kuma rubutun yana da ɗan tsawo, sai haƙuri.

Kamfanonin ƙera makamai suna da wata al'ada. Idan wata bindigarsu ta cika shekara 50, ko 75, ko 100, sai su fitar da 'yan ƙalilan na musamman, a sassaƙa musu zane, a shafa ruwan zinare, a saka a akwatin katako mai kyau. Masu sayensu ba harbi za su yi da su ba, ajiyewa suke yi kamar yadda wasu ke tara tsofaffin kuɗi. A 2011 an ga haka lokacin da bindigar hannu ta M1911 ta cika shekara 100. Kamfanin Colt ya fitar da na tunawa, jihar Utah a Amurka kuma ta ayyana ta a matsayin bindigar jiha, saboda John Browning da ya ƙirƙiro ta ɗan garin Ogden ne a jihar.

To akwai wata da ke tafe a 2035, wato Browning Hi-Power, kuma ita ce nake ta tunanin yadda za a yi da ita. Don ita labarinta ba mai sauƙin shafa wa zinare ba ne.

Farkon abin, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojin Faransa ne suka nemi sabuwar bindigar hannu mai ɗaukar harsasai da yawa. Kamfanin FN da ke Herstal, kusa da birnin Liège a Beljiyam, ya ba Browning aikin. Sai dai akwai cikas: haƙƙin mallakar dabarun M1911 yana hannun Colt, don haka dole mutumin ya kauce wa nasa tunanin na baya, ya nemo wata hanya. Yana cikin wannan aiki ya rasu a Beljiyam, a Nuwamban 1926, bindigar ba ta kammala ba.

Wanda ya ƙarasa ta wani injiniya ne ɗan Beljiyam, Dieudonné Saive. Ku riƙe wannan sunan. Shi ne ya tsara gidan harsashi mai jeri biyu, wanda ya sa bindigar ke ɗaukar harsashi 13 a zamanin da M1911 ke ɗaukar 7, Luger ta Jamus kuma 8. Sunan ma daga nan ya samo asali. Da yawa suna zaton "Hi-Power" na nufin ƙarfin harbi ne, alhali harsashinta 9mm ne irin na kowa. Yawan abin da take haɗiya ake nufi. Da wa'adin haƙƙin mallakar Colt ya ƙare a 1928, Saive ya dawo da wasu dabarun M1911 ya haɗa, ya yi ta gyara shekara da shekaru, har sojin Beljiyam suka karɓe ta a 1935. Faransa da ta fara nema kuwa, ta ce ba ta so, ta ɗauki tata ta gida.

Wato Browning ya yi shekara tara a kabari kafin bindigar da ke ɗauke da sunansa ta fito. Ba ina rage masa daraja ba ne, tushen nasa ne. Amma kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Saive ɗin nan shi ne daga baya ya tsara FN FAL, doguwar bindigar da sojojin Najeriya suka daɗe suna rataye da ita, kuma mutum nawa ne a cikinmu ya taɓa jin sunansa?

Sai yaƙi ya zo. A 1940 Jamus ta mamaye Beljiyam ta ƙwace masana'antar Herstal, aka ci gaba da ƙera bindigar domin sojojin Hitler, da hatimin Jamus a jikinta, sama da guda 300,000. Saive ya tsere zuwa Ingila. Daga baya aka kai tsarin ƙirar Kanada, inda kamfanin John Inglis na Toronto ya fara ƙera ta a 1944 domin sojojin Kanada da Birtaniya da Sin. Ku duba fa: bindiga ɗaya, ƙira ɗaya, ana harba ta daga ɓangarorin biyu na fagen daga. Inglis ɗin ma bayan yaƙi komawa ya yi yana ƙera injin wanki da sauran kayan gida.

Bayan yaƙi ta bazu a duniya, rundunonin ƙasashe sama da 50 suka yi amfani da ita. Birtaniya ta riƙe ta har 2013 kafin ta koma Glock 17. Indiya na ƙera tata a Ishapore, Ajantina ta ƙera tata da lasisi. Mu ma muna ciki: DICON da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1964, ta ƙera ta da sunan NP-1. Wanda ya taɓa ganin fistol a ƙugun wani tsohon hafsa a shekarun baya, ba mamaki ita ya gani bai sani ba.

Ga kuma ɓangaren da babu kamfanin da zai so a tuna masa. Da Hi-Power Mehmet Ali Ağca ya harbi Fafaroma John Paul na Biyu a dandalin St. Peter ranar 13 ga Mayun 1981. Kuma bindigar zinaren nan da 'yan tawaye suka riƙa ɗagawa a Sirte ranar da aka kashe Gaddafi a Oktoban 2011, ita ma Hi-Power ce. Duk wanda zai shafa wa wannan bindiga zinare a 2035, ya sani cewa hoton Hi-Power ta zinare mafi shahara a duniya an riga an ɗauke shi, kuma ba a ɗakin baje koli aka ɗauka ba.

Yanzu mu zo ga hasashe, kuma ku ɗauke shi a hasashe.

Tambaya ta farko, wa ma zai yi bikin? An daina ƙera ta asalin, aka sanar a 2018, bayan shekara 80 da ɗoriya. Tun kafin nan ma a Fotugal ake harhaɗa ta, rubutun yana jikin na baya-bayan nan. Da aka bar filin, wasu suka shigo. Springfield Armory na Amurka ya fitar da SA-35 a 2021, Girsan na Turkiyya yana yin MC P35, kuma kasuwa ta karɓe su. Ganin haka FN ya dawo a 2022 da wata sabuwa mai suna High Power, mai harsashi 17, wadda ake ƙerawa a Amurka. Ta yi kama da uwarta a fuska, amma ciki an sake ta, ko gidan harsashin tsohuwar ba ya shiga. Don haka a 2035 za a iya samun abin mamaki: mai asalin suna yana biki da bindigar da ba ita ce ta 1935 ba, masu kwaikwayo kuma suna biki da wadda ta fi kusa da ta asali. Ni ina ganin duka za su fitar da nasu, don babu ɗan kasuwar da zai bar lamba 100 ta wuce shi.

Ta biyu, yaya za ta kasance? Nan akwai abin dubawa a baya. A 1978 an yi ta tunawa da cikar kamfanin Browning shekara 100, a 2010 kuma an yi ta cika shekara 75. Yankin Liège kuma ya shahara da masu sassaƙa zane a ƙarfen bindiga, samfurin da ake kira Renaissance aikin hannunsu ne, furanni da ganyaye tun daga baki har mariƙi. Zato na shi ne FN zai yi kala biyu. Kaɗan na alfarma daga Herstal, aikin hannu, masu lamba daga 1 zuwa wani adadi, waɗanda kuɗinsu zai sayi mota. Sai kuma na gama-gari, sabuwar ƙirar nan da aka buga wa "1935–2035" a gefe aka ƙara mata farashi. Wallahi na biyun nan na fi tabbas da shi.

Ta uku ita ce ta fi damuna. Gefen bindigar hannu bai kai tafin hannu ba, abin da za a rubuta a kai kaɗan ne, don haka dole a zaɓa. Hoton Browning da gashin bakinsa zai shiga, wannan ba gardama, sunansa ne ke sayar da kaya a Amurka inda masu sayen suke. Shekarun mamayar Jamus za a tsallake su da jimla ɗaya a cikin ɗan littafin da ke akwatin. Toronto ƙila ta samu ambato. Ishapore da Kaduna kuwa, kada ma mu sa rai. Saive ne kaɗai nake ganin yana da dama, saboda kamfanin FN mallakar gwamnatin yankin Waloniya ne a Beljiyam, kuma shi ɗansu ne. Idan 'yan Herstal ne suka tsara bikin, zai fito. Idan reshen Amurka aka bar wa, ina shakka.

Kafin wani ya ce ina tallar bindiga: a'a. A dokar makamai ta Najeriya ta 1959, fistol na cikin jerin makaman da aka haramta wa farar hula sai da izini na musamman, kuma da abin da muke gani a Zamfara da Katsina da Sakkwato, ba mu da ƙarancin bindiga da za mu yi sha'awar ƙari. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda ake rubuta tarihi a jikin ƙarfe, a sayar da shi, bayan shekara 50 kuma ya zama shi ne abin da gidajen tarihi ke nuna wa yara.

Da ni za a tambaya, da na ce a yi ta baƙa wuluk kamar ta 1935, mariƙin katako, harsashi 13, babu zinare ko ɗigo. A gefe ɗaya a rubuta Browning, 1926. A ɗaya gefen a rubuta Saive, 1935. A cikin akwatin kuma a saka taswira mai nuna duk inda aka taɓa ƙera ta, daga Herstal zuwa Toronto, zuwa Ishapore, zuwa Kakuri a Kaduna.